Wadda Ta Fi Nauyi

Ɗan ƙanena ya zo wurina wata Talata bayan la'asar, ina zaune a zaure ina gyaran igiyar guga. Ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata da ke ciwo, sannan ya matso ya miƙo mini wayarsa. Hotuna uku ne a ciki. Kowane hoto ƙaramar bindiga ce, irin wadda muke ce wa pistole, an ajiye ta bisa tabarma. Ya ce hanyar Sanam ta sake lalacewa, shi kuma ba zai iya barin fatauci ba da 'ya'ya huɗu a gida. Ya ce duka ukun kwaikwayo ne na wata ta asali wadda ta fi ƙarfinsa.

"Baba, kai ka san ƙarhe," ya ce. "Duba ka zaɓa mini."

Ban karɓi wayar ba. Na ci gaba da murza igiya har ya gaji ya sauke hannunsa. Fiye da shekara talatin da suka wuce ubansa ya yi mini kusan wannan magana, kuma na zaɓa masa. Na ce ya je ya dawo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya ce to, ya tafi yana mamaki. Bai san komai ba game da wancan zaɓi. Abin da aka faɗa masa tun yana ƙarami shi ne 'yan fashi sun kashe ubansa a hanya, kuma gaskiya ne.

Mu biyu ne maza a wurin uwarmu, ni da ƙanena, na girme shi da shekara bakwai. Ubanmu manomi ne, gonarmu tana cikin kwari gabas da Filinge, inda gawo ya yi yawa. Tun kafin in kai aure yake tafiya da ni maƙera idan damina ta matso. A can na koyi ƙarfe. Ka ɗauki ruwan hauya ka auna shi a tafin hannu, ka ƙwanƙwasa shi da zobe ka saurara. Mai kyau yana da nauyi, kuma kukansa yana daɗewa kafin ya mutu. Wanda aka yi da guntun gwangwani ko tsohon kwano ba shi da nauyi, kukansa kuma gajere ne. Na iya wannan abu har mutanen unguwa suka riƙa biyo mini in raka su sayen hauya ko gatari. Ban yi nisa a lakwal ba, aji huɗu na yi aka mai da ni gona, shi ya sa nake jin daɗi idan aka ce na san wani abu.

Da ubanmu ya rasu, na zama uba. A ƙasar Kurfai haka muka taso muka gani, babba shi ke sa hannu a kan abin da za a saya, ƙarami yana tsaye a baya. Ni na zaɓa masa jakinsa na farko. Ni na zaɓi kwanon da aka rufa ɗakinsa, da ragon sunan wannan ɗa nasa da ya zo mini da waya. Kowane lokaci amsarsa guda ce: "To, Yaya." Ba don ba shi da wayo ba. Ya fi ni wayo nesa, shi ne ya bar noma ya shiga bin kasuwanni, yana kai gero da wake arewa, yana sayo tumaki da awaki a Abala da Sanam. A can shi ke ciniki da Buzaye da Fulani, ba mai cutarsa. Amma idan ina wurin, sai ya koma ƙane.

Zamanin soja na farko ba wanda ke maganar bindiga. Tsohuwar bindigar farautar ubanmu ma naɗe ta muka yi cikin fatar akuya muka binne a ƙarƙashin rumbu, don tsoron kada wani ya kai maganarmu ga jandarma. Baki a rufe yake a lokacin, mutum ba ya yarda da maƙwabcinsa, amma hanya lafiya lau. Ƙanena yakan dawo daga Sanam da kuɗin garke guda a jikinsa, yana gyangyaɗi bisa buhuna a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Bayan da sojoji suka sauka aka shiga siyasa, baki ya buɗe, sai kuma hanyar arewa ta fara ɓaci.

Sau biyu aka tare motarsu. Na farko an karɓe kuɗi aka sake su. Na biyu an kwantar da su bisa rairayi da tsakar rana, aka kwashe har takalma da rawuna. Ya shigo gida ba takalmi, tafin ƙafarsa ya yi bororo. Bai yi maganar kuɗin ba. Abin da ya riƙa maimaitawa shi ne wani tsoho da aka mara a gabansa, shi kuma yana kwance yana kallo. Daga nan ya shiga neman takardar izinin riƙe bindiga. Ya yi watanni yana zuwa biro, wato ofishin hukuma, ya je Yamai sau biyu, har aka ba shi takarda mai hatimi da hotonsa a jiki. Ranar da ya kawo ta ya nuna mini, ya ce, "Yaya, gobe ka raka ni wurin Sarjan. Kai ka san ƙarhe."

Sarjan tsohon soja ne da ya yi ritaya, yana da ɗan shago bayan layin masu ɗinki. Yana gyaran bindigogin farauta, hukuma kuma ta yarda ya kawo wa mai takarda abin da takardarsa ta ce. Mun je da hantsi, washegarin kasuwa, gari shiru, awaki na tsintar ganyen da aka zubar. Ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ya tura ƙofa, ya shimfiɗa buhu bisa tebur, ya jera bindigogi guda uku.

"Uwarsu guda," ya ce. "Ta asalin Turawa sunka ƙera ta, tana ga ƙugun manyan soja. Na riƙe ta da hannuna, na san ta. Kuɗinta sai ka sai da bijimai. Waɗanga ɗiyanta na, kowace da garin da anka haihe ta."

Ni da ban taɓa riƙe irin wannan abu ba, da na dube su sai na ga kamar abu guda ne aka ajiye sau uku. Sai da ya nuna mana babu harsashi a ko ɗaya, sannan ya ce mu taɓa.

Ta farko daga ƙasar Sin ta fito. Baƙa ce wuluk, amma fentin ya fara tashi a gefe tun ba a yi aiki da ita ba. Na kai ta kusa da kunne na girgiza, na ji wani abu yana motsi a ciki. Na ajiye.

"Manomi ya ji ƙwai ya ɓaci," in ji Sarjan. Muka yi dariya, har da ƙanena. Wannan ba wanda ya sake waiwayarta.

Ta biyu daga Turkiyya. Ta fi sauran gajarta, haɗinta tsaf, ba abin da ke motsi. Amma da na ɗaga ta sai hannuna ya tafi sama fiye da yadda na yi niyya, don ba ta da nauyi. Na ƙwanƙwasa gindinta da zobena, ta yi wani ɗan kuka ta yi shiru. Sarjan ya ce saman ƙarfe ne na gaske, ƙasan kuma irin farin ƙarfen nan ne mara nauyi. Na san shi. Shi ne wanda ake narkawa a bayan kasuwa a zuba tukwane da ludayi. A wurina wannan ba ƙarfe ba ne.

Ta uku daga Masar. Doguwa, ƙarfe tun daga baki har mariƙi, da rubutun Larabci a gefenta. Na ɗaga ta na ji ta cika mini hannu. Na ƙwanƙwasa, kukan ya daɗe. Rubutun ma ya ja ni, ba zan ɓoye ba. Na ga baƙaƙen da na sani tun makarantar allo, sai na ji kamar abin ya fito daga hannun mutanen kirki.

Ina cikin wannan, ƙanena yana riƙe da ta biyun. Ya juya ta, ya ajiye, ya sake ɗauka. Ta zauna masa a hannu, don hannunsa ƙarami ne, ba irin nawa ba. Sannan ya zura ta cikin aljihun gaban rigarsa, wanda ke kan ƙirji, ya tsaya kaɗan, ya fito da ita. Rigar ba ta ko motsa ba. Na ga wannan da idona. Shekaru da yawa na riƙa gaya wa kaina cewa ban lura ba, amma na gani.

Na ɗora hannuna bisa ta Masar na ce, "Bismillahi. Wagga."

Sarjan ya dubi hannuna. Ya sosa gemunsa.

"Malam, wagga ta ɗamara ce. Mai ɗamara ka ɗaukar ta. Ƙanenka da riga shika yawo."

"Gatari ma nauyi gare shi," na ce, "kuma ba mu bar ɗaukar shi ba."

"Gatari ga kahwaɗa aka rataya shi, ba ga aljihu ba."

"Ni dai ba ni saya ma ƙanena tukunya."

Ya yi murmushi, ya juya ga ƙanena. "Kai mi ka ce? Kai za ka kwana da ita, ba shi ba."

Ƙanena ya dubi ƙasa. A gaban baƙo ne, kuma na riga na sa hannu na ambaci sunan Allah. Ko da yana da magana, ba a nan zai yi ta ba.

"Abin da Yaya ya ce," ya ce.

"To, Allah shi sa albarka," in ji Sarjan, ya naɗe sauran biyun cikin tsumma.

Ya fito da gidan fata da ɗamara ya ce a haɗa da su. Ƙanena ya ƙi. Ya ce idan ya shiga kasuwar Sanam da ɗamara a ƙugu, za a ɗauke shi ɗan rahoton gwamnati, ba wanda zai sake sayar masa ko da ɗan akuya. Tsoron zamanin soja bai gama fita daga mutane ba. Mazagin wando kuma ba zai riƙe ta ba. Aljihun riga kaɗai ya rage.

A hanyar gida ina gaba yana baya, kamar kullum. Da muka zo wajen rijiyar unguwa na waiwaya, na ga wuyan rigarsa ya karkace zuwa hagu, ya sa hannu ya tallafe ƙirji.

"Yaya," ya ce yana dariya, "kamar na rungumi ɗan akuya."

"Za ka saba," na ce.

Tsakanina da matarsa akwai kunya, kamar yadda ya kamata tsakanin mace da wan mijinta. Ba ta zama inda nake, ba ta faɗin sunana, gaisuwa ma daga bayan zana take yi. Idan tana da magana sai ta bi ta wurin matata. Bai fi wata guda ba matata ta ce mini, tana tankaɗe, "Matar ƙanenka ta ce abin nan yana yage mashi aljihu." Na ce ta ɗinke. Bayan wani lokaci maganar ta sake zuwa: ya sake yagewa, kuma wuyansa yana ciwo. Na ce ta ninka ƙyalle biyu. Karo na uku na ɗan ji haushi. Na yanko wani yanki daga tsohon tamfol ɗin da muke rufe gero da shi, na ba matata na ce ta kai mata, wannan ba ya yagewa. Bai kuwa sake yagewa ba. Sai daga baya na gane ba maganar ɗinki take aiko mini ba. Ba ta da wata hanyar da za ta ce mini in canza masa, sai wannan.

Ya saba, kamar yadda na ce. Duk lokacin da zai duƙa, ko zai hau mota, ko zai tashi daga tabarma, hannunsa na dama yakan tafi kan ƙirji ya riƙe abin kada ya yi lilo. Har ya zama ko ya bar ta a gida, ranar Juma'a ko wurin suna, hannun yana zuwa da kansa. Abokansa suka riƙa yi masa ba'a. Wani ya ce, "Tun ba ka tahi Makka ba ka hwara gaisuwar alhazai?" Tsofaffi kuwa suka ce ladabinsa ya ƙaru, kullum hannu a ƙirji. Ni ma na yi dariya tare da su.

Sau ɗaya ya zo kusa da faɗa mini. Lokacin girbi ne, muna ɗaure damman gero a gona, mu biyu kawai, ya zo taya ni. Yana jan igiyar kaba bai dube ni ba, ya ce, "Na biya wurin Sarjan. Ya ce waccan tana nan har yanzu."

"Wace?"

"Ƙaramar."

"Tukunyar?" na ce, na yi dariya.

Shi ma ya yi dariya. Ya ɗaga damin ya aza bisa kaina, muka nufi rumbu. Ba baƙo a wurin ranar, da na tambaye shi da ya faɗa. Bai sake tayar da maganar ba.

Ana saura kwana goma a yi Layya ya tafi Sanam sayen raguna. Ranar da za su dawo ina gyaran zana a bayan gida, wajen azahar, na ji kamiyo ya tsaya a ƙofarmu. Kamiyo ba ya shigowa lungunmu, a tasha yake sauke mutane. Ban ji kukan rago ko ɗaya ba. Na tsaya da igiya a hannu, ban fita ba sai da aka yi sallama sau uku.

Mun yi masa sutura kafin la'asar. Ni na yi masa wanka tare da limaminmu. Rauni guda ne, ƙarami, a ƙasan wuya. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Mutane sun zo da yawa. Abokan cinikinsa Zabarmawa sun zo daga Damana da sauran garuruwan Tondikandiya, suna cewa fonda tilas, gaisuwarsu ta mutuwa. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda da haka, har yau na yarda. Sarjan ya zo rana ta biyu, ya zauna a ƙarshen tabarma, ya yi addu'a. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya daɗe. Daga ranar har ya rasu, idan na hango shi a kasuwa sai in canza layi, ina jin shi ma haka yake yi.

Bayan sadakar bakwai na je tasha na nemi direban. Na same shi ƙarƙashin motar yana gyara, ya fito ya goge hannu, muka koma inuwar itacen bedi. Na ce ya faɗa mini yadda aka yi, kada ya rage komai.

Ya ce da hantsi ne, a wani ƙori, busasshen rafi, inda dole mota ta rage gudu saboda rairayi. Mutum huɗu, fuska a naɗe. Sun sauke kowa suka jera su.

"Ba su bugi kowa ba, Malam. Kowa na ba da abin da ag gare shi. Shi ma ya ba da nashi, ya kwance 'yar cikinshi ta kuɗi ya miƙa, bai yi gardama ba. Sai babbansu ya ce kowa shi duƙa shi tuɓe takalmi, don sun san ana ɓoye kuɗi ciki."

Ya sake goge hannunsa. Na ce ya ci gaba.

"Ya duƙa. Abin ya yi gaba cikin riga. Sai hannunshi ya tahi ga ƙirji. Ka san yadda shika yi."

"Na sani."

"Wanda ke tsaye gabanshi ya gani. Sau guda ya harba."

Ya ce sun laluba aljihun suka ciro ta. Babbansu ya duba, ya zagi wanda ya yi harbin, don ba komai a cikinta. Ko gidan harsashin babu. Suka tafi da ita da ragunan. Direban ya shiga gaban motarsa ya ɗauko mini jakar ƙanena, wadda aka manta ba a sauke ba ranar. A ciki akwai tasbaha, da ganyen shayi, da takardar izini cikin leda. A can ƙasa, ɗaure cikin tsumma, ga gidan harsashin da harsasai a ciki, ba wanda ya ragu.

"Tun bara shika cire shi," in ji direban. "Ya ce mini in yana ciki nauyin ya yi yawa."

Washegari na kai su wurin jandarma tare da takardar. Suka rubuta, na sa hannu.

Da aka zo rabon kayansa, an ba da tufafinsa sadaka, amma na riƙe wannan riga. Shuɗiya ce, ba ta da aiki mai yawa a wuya. Matata ta wanke ta sau uku. Na ninke ta na sa a ƙasan akwatina. Nakan yi shekara ban buɗe ba, amma na san yadda aljihun yake ko ido rufe. Ɗinkin farko da shuɗin zare ne, ƙanana, a tsanake. Na biyu da farin zare, an ninka ƙyallen atamfa a ciki. Na uku da zaren buhu, manya-manya, sun kama yankin tamfol ɗina.

Matarsa ta gama takaba ta zauna a gidan, ta reni 'ya'yanta, ni na riƙe su da abin da gona ta bayar. Shekara talatin tana gaishe ni daga bayan zana, daga baya bayan katanga da aka gina. Ba ta taɓa aiko mini da magana a kan wannan ba. Ni ma ban taɓa aika mata ba. Har yau mutane na zuwa in raka su maƙera, ina zuwa, don ba ni da dalilin da zan ba su. Amma idan na ƙwanƙwasa ƙarfe ya yi dogon kuka, nakan ajiye shi da sauri. Wani lokaci a masallaci, idan wani a sahun gaba ya dafa ƙirji zai tashi, sai in rasa inda nake cikin salla.

Ranar Juma'a ɗan ƙanena ya dawo kamar yadda na ce. Yanzu ya girmi ubansa, ya wuce shekarun da uban ya rasu yana da su. Na riga na fito da rigar na ajiye bisa tabarma, da ruwan gatari wanda ba ƙota. Ya dubi rigar, ya dube ni.

"Ta babanka ce," na ce. "Sa ta."

Ya sa ta bisa tufafinsa. Ta yi masa daidai. Na ɗauki ruwan gatarin na zura cikin aljihun. Wuyan rigar ya karkace zuwa hagu.

"Tuɓe takalminka."

"Baba, ai na tuɓe su ga ƙohwa."

"To duƙa ka ɗauko mini butar can."

Ya duƙa. Ƙarfen ya yi gaba, hannunsa na dama ya tafi kan ƙirji ya riƙe. Ban san na yi wani sauti ba, amma ya ɗago da sauri ya ce, "Baba, lahiya?"

Na ce ya zauna. Na faɗa masa duka, tun daga shagon Sarjan. Na faɗa masa cewa ubansa ya gwada ƙaramar a aljihu kuma na gani. Na faɗa masa maganar tukunya, sau biyu da na yi ta, da saƙon uwarsa sau uku, da tamfol. Na faɗa masa abin da direba ya ce. Bai katse ni ba. Ya ciro ƙarfen daga aljihu ya ajiye a ƙasa a hankali, ya juya bakin aljihun yana bin ɗinkin da yatsa.

"Inna ta yi wanga?"

"Ita ta yi. Ni na aika mata da tamfol ɗin."

Ya ci gaba da shafa ɗinkin. A waje mata suna daka, wani yana kiran awakinsa.

"Da ka bar mashi ƙaramar," ya ce, "da ya tsira?"

"Ban sani ba. Wataƙila da ba su gan ta ba. Wataƙila da ya ciro ta sun kashe shi duk da haka, har da wasu. Na yi shekara talatin ina juya shi, ban sani ba."

Ya fito da wayar, ya riƙe ta a hannu bai kunna ba.

"To wace za ni saye, Baba?"

"Ba ni zaɓa maka. Ƙarhen noma na sani, shi ɗai. Ban san wanga ba, ban taɓa saninshi ba. In ka ce in hwaɗi son raina, kada ka sayi ko guda. Amma kai ka bin hanyar, ba ni ba. In ka ga ba haka ba, ka ce mini ba haka ba, ko gaban wa."

Bai ce to ba. Wannan ne karo na farko da na yi wa wani a gidanmu magana bai ce to ba, kuma na ji sanyi a raina. Ya tuɓe rigar ya ninke, ya tambaya ko zai iya kai wa uwarsa. Na ce tasu ce tun asali.

Bayan kwana biyu matata ta kawo mini fura, ta tsaya ba ta tafi ba. Ta ce, "Matar ƙanenka ta ce a gaishe ka. Ta ce ta ga riga." Na jira ko akwai saura. Ta ce shi ke nan abin da ta ce.

Ban tambaye shi ko ya saya ba, shi ma bai faɗa mini ba. Yana nan yana bin kasuwanni. Ranar da motar Sanam ke dawowa nakan fitar da kujerata ƙofar gida tun azahar, in zauna inda nake hango bakin lungu. Idan ya ɓullo, kafin in dubi fuskarsa, wuyan rigarsa nake fara dubawa. Zuwa yanzu daidai yake zaune. Makon jiya ya duƙa zai gaishe ni, na bi hannunsa da ido, ya kai shi ƙasa ya dafa tabarma.